Ƙurar zinare da gashin ciwon daji: a gwada ta a kan ƙarin mutanenmu tun kafin ta iso

Malam Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu, ka kuma yi haƙuri da tsawon wannan.

Ranar Juma'ar da ta gabata, bayan an sauko daga masallaci, wani maƙwabcina a nan Tudun Wadan Gombe ya biyo ni har zaure. Tela ne, yaron kirki, a gabana aka haife shi. Sai da muka zauna ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihu, ruwan cikinta ja-ja kamar zoɓon da aka tsinka, ya ce, "Baba, don Allah duba mini wannan. An ce ruwan zinare ne na nano. Wai Turawa sun gano yana cinye ciwon daji, ba sai an je gashi ba." Maiɗakinsa ce ke fama da sankarar mama. An yi mata aiki, likita ya ce saura gashi, wato haska wurin da inji don kashe ragowar ciwon, shi kuma da ya lissafa kuɗin mota da na masauki da na asibiti sai ya ga abin ya fi ƙarfinsa. Ana cikin haka tallar ta shigo masa ta WhatsApp, har da hoton wani Bature cikin farar riga. Ya sayar da keken ɗinkinsa ɗaya ya sayi kwalba uku. Ban ga laifinsa ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ni ba likita ba ne. Shekara 31 na yi a ɗakin gwajin tsoka na wani asibitin gwamnati kafin in yi ritaya. Duk abin da aka yanko a tiyata, ƙari ne ko nono ko mahaifa, wurinmu ake kawo shi. Mu jiƙa shi a fomalin, mu daskarar da shi cikin kaki, mu yanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, mu rina, mu ɗora a gilashi, sannan likita ya duba a madubin da ke ƙara girman abu ya faɗi ko mugu ne ko ba mugu ba. Na bar aiki amma ban bar karatu ba, domin ɗan ƙanena da ke nazarin kimiyyar injinan gashi yakan turo mini takardun bincike, ina binsu sannu a hankali da ƙamus a gefe. Shi ya sa ganin kwalbar nan ya ɓata mini rai ta fuska biyu. An cuci yaron nan, kuma an ɗauko wani aiki na gaskiya da masana suka shekara ashirin suna wahala a kansa, an yi kasuwa da sunansa. A 2014 ma, lokacin Ebola, haka aka yi ta hayaniyar azurfar nano a ƙasar nan kafin hukuma ta ƙi amincewa da ita.

Akwai ƙanshin gaskiya a cikin tallar, shi ne ma haɗarinta. Zinare idan aka mai da shi ƙura mai tsananin ƙanƙanta aka zuba a ruwa, ja yake komawa. Nanomita kuwa ma'auni ne: a raba mita ɗaya gida biliyan, a ɗauki ɗaya. Kaurin silin suma guda ya kai nanomita wajen 80,000. Kuma lallai ana binciken irin wannan ƙura a maganin ciwon daji. Sai dai aikinta shi ne ta ƙara wa gashi kaifi, ita kaɗai ba ta yin komai.

Abin da muke kira gashi haske ne irin na hoton eksire, amma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma majinyaci ba ya jin zafi lokacin da ake yi. Idan ya ratsa jiki yakan farfasa ruwan da ke cikin ƙwayoyin halitta, wato sel, ya haifar da wasu guntaye masu cin duk abin da suka taɓa. Su ne ke tsinka zaren DNA, wanda sai da shi sel ke iya rabuwa biyu. Sel ɗin daji ba ta iya ɗinke ɓarnar yadda lafiyayya ke yi, sai ta mutu. Damuwar ita ce hasken bai san ƙari ba, bai san lafiyayyen nama ba. Kafin ya kai bakin mahaifa sai ya bi ta fata da hanji da mafitsara. Don haka ake auna shi da ma'aunin Gray, a rarraba shi kaɗan-kaɗan, galibi Gray 2 a rana, kwana biyar a mako, har mako biyar zuwa bakwai, domin lafiyayyen nama ya riƙa samun sararin farfaɗowa. Sau da yawa likita na so ya ƙara, amma hanji da mafitsara ba za su ɗauka ba.

Daga nan tunanin ƙurar ƙarfe ya taso. Duk wanda aka taɓa yi wa hoton ƙirji ya ga ƙashi ya fito fari, nama ya fito duhu-duhu, saboda ƙashi ya fi tare hasken. Ƙarfe mai nauyi ya fi ƙashi tarewa, shi ya sa mai ɗaukar hoton ke sa rigar dalma. A jadawalin sinadarai lambar kabon 6 ce, ta oksijin 8, su ne kuwa akasarin nauyin namanmu. Ta zinare 79. To in aka samu hanyar cusa ƙurar cikin ƙarin, sai ta sha hasken fiye da naman da ke kewaye, ta fesar da ƙananan ilektiron da ba sa tafiya nesa, su yi ɓarnarsu a nan cikin ƙarin. Injin bai ƙara komai ba, amma rabon da ƙarin ya samu ya ƙaru.

A 2004 wani masani a Amurka, James Hainfeld, da abokan aikinsa suka gwada wannan a kan ɓeraye masu sankarar mama. Sun yi musu allurar ƙurar zinare mai girman nanomita 1.9, sannan suka gasa. Bayan shekara guda kashi 86 cikin 100 na ɓerayen da suka samu zinare da gashi suna raye, waɗanda aka yi wa gashi kaɗai kuwa kashi 20. Sai kuma wurin da na maimaita wa maƙwabcina har sau uku: ɓerayen da aka ba zinare zalla, babu gashi, ko ɗaya bai kai shekara ba. Yawan zinaren ma abin dubawa ne, gram 2.7 a kan kowane kilo na nauyin jiki, ta jijiya. Mace mai kilo 60 sai an ɗura mata fiye da gram 160 ke nan. A auna wannan da 'yar kwalbar da ake cewa a ɗiga a shayi.

Wanda ya fara kai wa ga mutane da izinin hukuma ma ba na zinare ba ne. Wani kamfanin Faransa, Nanobiotix, ya haɗa ƙura daga ƙarfen hafniyom mai lamba 72, ana kiranta NBTXR3, kuma likita ne ke tsira allura cikin ƙarin ya ɗura ta sau ɗaya kafin a fara gashi. An gwada ta a kan majinyata 180 masu sankarar tsoka. Bayan gashi aka yanke ƙarin aka kai ɗakin gwaji irin namu, aka duba nawa ne suka mutu kusan gaba ɗaya: kashi 16 cikin 100 a masu ƙurar, kashi 8 a marasa ita. A 2019 Turai ta ba ta izini don wannan nau'in ciwon. Ninki biyu ne, ba a raina shi ba, amma kashi 84 fa ba su kai wannan matakin ba. Akwai wata kuma, AGuIX, ita ma daga Faransa, mai ƙarfen gadoliniyom, ana ba da ita ta jijiya, tana fita ta ƙoda, ana kuma ganinta a hoton MRI. An fara gwada ta ne a kan ciwon da ya yaɗu zuwa ƙwaƙwalwa.

Tambayar da ta daɗe tana damuna ita ce, tun 2004 an rubuta takardu barkatai a kan ire-iren ƙurar nan, me ya sa waɗanda suka kai gadon majinyaci ba su cika yatsun hannu ba? Amsar na tarar da ita a cikin sana'ata.

Fomalin yana shiga nama ne a hankali, wajen milimita ɗaya a awa, kuma yana ƙara nawa yayin da yake nutsawa. Sau da yawa akan kawo mana nono ɗungum daga asibitin karkara, an jefa shi a bokiti ba a tsattsaga ba, ya kwana biyu a hanya. In ka yanka sai ka tarar bayansa ya kama sarai, tsakiya kuwa ta ruɓe, kamar ƙosan da aka jefa a man da ya yi zafi da yawa. Ƙwayar fomalin kuwa ta fi ƙurar nano ƙanƙanta ninkin ba ninkin. In har ita tana shan wannan wahala kafin ta ratsa tsoka, ina ga ƙurar ƙarfe? A 2016 masana a Toronto ta Kanada suka tattara binciken shekara goma da aka yi a kan dabbobi, suka tarar a tsakaice kashi 0.7 cikin 100 ne kacal na ƙurar da aka ɗura ta jijiya ke isa ƙarin. Hanta da saifa ke kwashe mafi yawa. Wadda ta isa ɗin ma sai ta yi fama kafin ta nutsa ciki.

Amma mafi yawan gwaje-gwajen farko a faranti ake yinsu, inda sel ke kwance shimfiɗa ɗaya kamar geron da aka shanya a tabarma. Kowace ƙwaya tana samun abinci, tana samun iska, ƙurar ma tana zuba mata kai tsaye. Dole sakamako ya yi kyau. Ƙarin da ke jikin mutum kuwa dami ne ɗaurarre.

Tun 1955 wasu masana biyu a Ingila, Thomlinson da Gray, wanda aka sa wa ma'aunin gashi sunansa, suka zauna da gilasan sankarar huhu irin waɗanda na shekara 31 ina yankawa. Suka lura cewa sel ɗin da suka yi nisa da hanyar jini fiye da wajen kashi ɗaya cikin biyar na milimita, mutuwa suke yi don rashin oksijin. Tsakanin rayayyu da matattu kuma akwai wasu da ke raye da ƙyar, cikin ƙarancin iska. Waɗannan su ne masu taurin kai, domin gashi yana buƙatar oksijin kafin ɓarnar da ya yi wa DNA ta tabbata. Sel ɗin da ba ta da iska sai an ba ta kusan ninki uku kafin ta mutu. Su ne ke laɓewa, in an gama gashi su farfaɗo, ciwo ya dawo.

Ba a takarda kaɗai na san wannan ba. Ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, sankarar bakin mahaifa ce ajalinta, Allah Ya jiƙanta. Ta fi shekara tana zubar jini tana ɓoyewa saboda kunya. Ranar da aka kawo ɗan naman da aka ɗebo daga jikinta, ni na karɓi kwalbar na ga sunanta a jiki. Na miƙa wa abokin aikina na ce shi ya yanka, na fita waje. Ƙarin ya riga ya girma, tsakiyarsa ta mutu, jininta kuma ya yi ƙasa ƙwarai, sai da aka yi mata ƙari leda uku kafin a fara komai. Muka tafi wani gari mai nisa, tafiyar yini guda a mota, muka kama ɗaki. An rubuta mata gashi 25. Bayan na 11 injin ya tsaya. Aka ce mu dawo mako mai zuwa, sannan na gaba, har mako biyar. A ƙa'ida, gashin bakin mahaifa gaba ɗayansa bai kamata ya wuce mako takwas ba, domin duk ranar da aka ƙara ƙarin yana sake tsiro. Ita sai da ta kusa wata huɗu. Ta dawo gida ta samu sauƙi na 'yan watanni, daga nan ciwon ya dawo. Ta bar 'ya'ya biyar, ƙaramarsu a hannun maiɗakina ta tashi.

Irin ƙarin ƙanwata, babba mai mataccen ciki a jikin da babu jini, shi ne abin da faranti ba ya iya nunawa. Shi ne kuma abin da masana ke ƙoƙarin kwaikwaya da ƙarin da ake renonsa a ɗakin gwaji. Mafi sauƙinsa ana kiransa sifiroyid, ni dai dunƙule nake ce masa. A farkon shekarun 1970 Robert Sutherland ya fara amfani da shi a Kanada, kuma don nazarin gashi ya yi shi. Ana samun faranti mai ramuka 96, a shafe gindin kowane rami da wani abu mai kama da kamu da ya daskare, yadda sel ba za su samu wurin mannewa ba. Da suka rasa abin kamawa sai su kama juna. Cikin 'yan kwanaki sun zama ƙwallo da bai kai ƙwayar acca ba. Idan ya kai rabin milimita aka yanka shi, sai a ga abin da Thomlinson da Gray suka gani: na waje suna ta rabuwa, na tsakiya sun yi likimo cikin ƙarancin iska, can ciki kuma matattu. Ranar da na fara ganin hoton yankakken dunƙule a wayar ɗan ƙanena na daɗe ina kallo, domin ba shi da maraba da abin da na saba gani a gilashi.

A kan wannan dunƙule ake zuba ƙurar, a jira, a yanka a ga iya zurfin da ta kai. Sannan a gasa wasu, a bar wasu, a riƙa auna girmansu kullum ana ganin wanne ya tsaya, wanne ya sake tasowa. Wasu a warware su a shuka sel ɗin ɗaya-ɗaya a ƙirga nawa ne suka iya sake hayayyafa. A nan ake kama abin da faranti ya ɓoye. A faranti, wani bincike na 2006 ya nuna ƙurar zinare mai nanomita 50 ce sel suka fi haɗiya. A dunƙule kuwa manyan sukan maƙale a sahun waje, ƙananan su ne ke nutsawa ciki inda masu taurin kan suke. Amsa biyu ke nan ga tambaya ɗaya, kuma ta biyun ce ta fi kusa da jikin mutum.

Akwai na gaba da shi, oganoyid. A 2009 Hans Clevers da Toshiro Sato a Utrecht ta ƙasar Holan suka gano yadda za a reni ɗan ƙaramin hanji daga sel, cikin wani kauri mai kama da dalaki. Daga baya aka koyi yin haka da ƙarin majinyaci kansa: a ɗebo ɗan nama ɗanye, a rene shi makonni, ya tashi da halin ƙarin mai shi. A 2020 masana a Shanghai suka reni irin wannan daga mutum 80 masu sankarar dubura, suka ba shi gashi da kemo, wato magungunan kashe sel ɗin daji, a ɗakin gwaji, suka kwatanta da yadda masu shi suka amsa magani a asibiti. An dace a kusan kashi 84 cikin 100. Ka duba, Malam Edita, naman da na shekara 31 ina kashewa da fomalin, ashe da za a raba shi biyu a bar rabi da rai, zai iya faɗa wa likita ko gashi zai ci ko ba zai ci ba tun kafin iyali su sayar da gona. Amurka ma a ƙarshen 2022 ta gyara dokarta ta magunguna, ta cire tilascin gwaji a kan dabba, ta buɗe ƙofa ga irin waɗannan hanyoyi.

Ba zan ɓoye naƙasunsu ba. Dunƙule ba shi da jijiyar jini, ba shi da hanta da za ta tace ƙurar, mafi yawansu babu sojojin garkuwar jiki a ciki, kuma ba kowane nama aka shuka ke tsirowa ba. Mataki ne na tace tsaba daga ƙaiƙayi kafin a kai ga dabba da mutum. Akwai kuma wani tarko da ɗan ƙanena ya nuna mini. Amfanin ƙarfe mai nauyi ya fi fitowa a haske mai ƙarfin ɗaruruwan kilobolt, irin wanda Hainfeld ya yi aiki da shi, irin kuma na ƙananan injinan ɗakin bincike. Injinan asibiti kuwa, na kobalt ne ko na zamani da ake kira linak, a miliyoyin bolt suke aiki, inda fifikon zinare a kan nama ke raguwa ƙwarai. An ga ƙurar tana taimakawa a nan ma fiye da yadda lissafi ya nuna, ana jin tana dagula sinadaran cikin sel ɗin ne. Abin nufi dai, duk gwajin da ba a yi shi ƙarƙashin irin injin da za a kwantar da majinyaci ba, da sauransa.

To ina ruwan Gombe da Bauchi da wannan? Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Liyon a ƙasar Faransa ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum kusan 128,000 suka kamu a Nijeriya, kusan 80,000 suka rasu, sankarar mama ce kan gaba. Wajen rabin masu ciwon daji suna buƙatar gashi. Mutanenmu kuma a makare suke zuwa, da manyan ƙari, da ƙarancin jini, wato daidai inda gashi ya fi rauni, inda kuma abin da zai ƙara masa kaifi ya fi amfani. Sannan ciwon namu yana da nasa hali. Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago da abokan aikinta sun daɗe da nuna cewa sankarar mama mai zafi, wadda ba ta jin magungunan da ke bi ta hanyar homon, ta fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa. Amma sel ɗin da duniya ke gwaji da su akasari daga jikin Turawa aka samo su. MCF-7, wadda ta fi kowace shahara a binciken sankarar mama, daga wata tsohuwa Baturiya aka ɗebo ta a Detroit a 1970. In ƙurar nan ta iso mana nan da wasu shekaru, da tsadarta, an gwada ta ne a kan ƙarin wasu, da injin wasu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Aikin dunƙule bai fi ƙarfinmu ba. Yana buƙatar inkubeta mai riƙe zafi a digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin 100, da akwatin aiki mai tace iska, da madubi, da ruwan abincin sel, da ruwan naitirojin na ajiya. Abin da ya fi komai muhimmanci wuta ce da ba ta ɗaukewa, domin dare ɗaya babu wuta ya isa ya kashe aikin wata uku. Sola da batir sun magance wannan a yau. Muna da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe da na ATBU a Bauchi, inda ake yanke ƙari kowane mako. Muna da malaman kimiyyar sinadarai a ATBU da Jami'ar Jihar Gombe da ta Kashere, haɗa ƙurar zinare kuwa aiki ne da ɗalibin digiri na biyu zai iya da tukunyar gilashi da sinadari biyu. A Zariya akwai cibiyar binciken makamashi ta ABU da ta san aikin auna haske. Oganoyid ya fi tsada, kaurin da ake renonsa a ciki daga waje ake kawo shi a daskare, sai a fara da mai sauƙin. Ina kira ga cibiyar binciken ciwon daji ta ƙasa, NICRAT, da asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, da Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate, wanda ɗan Misau ne ya san hanyoyin nan da muke bi da marasa lafiyarmu, su kafa ko da ɗaki ɗaya ne na renon ƙari a Arewa maso Gabas, a jingina shi da injin gashi mai aiki, a ware masa awa ɗaya da yamma bayan an sallami majinyata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai a yi shi da amana. Sel ɗin farko na ɗan Adam da suka ci gaba da hayayyafa ba tsayawa a ɗakin gwaji, HeLa, daga bakin mahaifar wata baƙar fata aka ɗebo su, Henrietta Lacks, a Baltimore ta Amurka a 1951, ba a tambaye ta ba. Ta rasu a shekarar tana da shekara 31, danginta suka yi fiye da shekara ashirin ba su san ana ta raba namanta a duniya ba. Mu ma ba mu manta gwajin maganin sanƙarau da aka yi a kan yara a Kano a 1996 ba, da irin ɓarnar da ya yi wa yarda har ta shafi allurar shan inna. A wurin aikina sau da yawa dangi kan tsaya a bakin ƙofa suna jiran a ba su abin da aka yanke su je su binne, kuma suna da gaskiyarsu. Don haka kafin a ɗauki ko ƙwayar nama, a zauna da majinyaciya da mijinta a yi musu bayani da Hausa ko Fulatanci ko Tangale, a faɗa musu za a rene shi, ga inda za a ajiye, ga wanda zai taɓa, ba za a fitar da shi ƙasar waje ba sai da saninsu. A kuma shigo da malamai da limaman coci tun daga tushe, su ji, su yi tambaya, su faɗi abin da addini ya yarda da shi.

Na san akwai mai cewa, tsohon nan yana maganar nano alhali injin gashin ma bai ishe mu ba. Wallahi da gaskiyarsa, kuma ba wanda zai koya mini wannan bayan abin da ya samu ƙanwata. Ƙurar da ta fi kowace kyau ba ta da amfanin komai ranar da injin ya tsaya. Na yi murna da sababbin cibiyoyin da aka buɗe a Katsina da Enugu da Benin a 2025, ina kuma roƙon iyaye su kai 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV da aka fara bayarwa kyauta tun Oktoban 2023, domin ita ce ke tare sankarar bakin mahaifa tun daga tushe. Injin da mai gyaransa su ne gaba. Amma kuɗin ɗakin renon ƙari ɗan kaɗan ne a gefen kuɗin linak guda, kuma inda masu bincike ke kai dunƙulensu ƙarƙashin injin kullum suna auna abin da ya fitar, an ƙara idanu ke nan a kan lafiyar injin.

Maƙwabcina ya yi shiru ya daɗe bayan na gama masa bayani. Sannan ya ce, "To Baba, yanzu keken nawa ya tafi a banza ke nan?" Na ce masa eh, ya tafi, amma maiɗakinsa tana nan, kuma makonni kaɗan ne da yi mata aiki, lokacin gashi bai ƙure ba. Bayan la'asar muka zagaya wurin mai unguwa da limamin masallacinmu, an fara haɗa abin da ya sauƙaƙa, wani direba a layinmu ya ce kuɗin motar zuwa a kansa. Ranar Litinin za mu koma wurin likitanta a karɓo takardar turawa. Kwalaben uku suna nan a kan kantata, biyu ba a buɗe ba. In mun dawo daga asibiti zan kai su ofishin NAFDAC tare da lambar wayar da aka yi tallar da ita.

Wassalam.

Naka,
Tsohon ma'aikacin ɗakin gwajin tsoka,
Tudun Wada, Gombe.